Yadda Na Bi Rigar Baba Har Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban samu sakat ba. In na zauna a rumfata a Kurmi, wanda ya zo sayen zare sai ya tambaye ni labari kafin ya taya. In na je majalisarmu ta Ƙofar Na'isa bayan la'asar, sai a ce, "Ɗanlami, wai da gaske kai ne dodon?" Na ba da labarin nan har na fara tsoron kada in ƙara wa wani in rage wa wani, ya zama na yi ƙarya ban sani ba. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna in faɗe shi sau ɗaya. Karatuna bai wuce firamare ba. Wanda ya ga kuskure ya gyara, amma don Allah kada ya ƙara gishiri.

Sai na fara da laifina, don in ba shi ba da babu tafiyar.

Babanmu yana da wata riga saƙi mai aska biyu, ɗinkin hannu da zaren tsamiya. A gefen aljihun akwai inda garwashi ya taɓa ƙona ta, aka cike wurin da koren zare, girmansa kamar ƙwallon dabino. Amininsa Malam Ilu na Soron Ɗinki ne ya ɗinka masa ita, shi ne kuma ya cike ƙunar. Kwana biyu kafin Baba ya rasu ya kira ni ya ce, "In ta Allah ta kasance, rigar nan ka kai wa Ilu. Hannu da hannu."

Bayan sadakar bakwai na ɗauko ta. Da na kai ta a ranar, da shi ke nan. Amma sai na duba na ga ta yamutse, na ce ba zan kai wa dattijo wasiyya a haka ba, bari a wanke a buge tukuna. Na kai ta wurin wasu masu bugu. Su al'adarsu, kowace riga aka kawo sai su soka allura a gefen gindinta su ɗaura ɗan ƙyalle, launinsa shi ne shaidar mai ita. Na tafi har na kai bakin kasuwa, sai zuciyata ta ce tsohon saƙi ne fa, in ƙyallen nan ya ja zare ya yage ta? Na koma, ba wanda ya gan ni, na kwance shaidar a hankali na tafi ina jin na yi dabara.

Da na dawo bayan kwana uku babu riga. Duk abin da ba shi da shaida a makon nan sun haɗa shi da kayan wani falke da ya kawo riguna masu yawa, shi kuwa ya riga ya yi arewa.

Inna ta tambaye ni, "Ka kai?" Na ce, "An gama da maganar riga, Inna." Ban ce na kai ba, ban ce ban kai ba. Shekara uku ina juya amsar nan a raina ko ƙarya ce ko ba ƙarya ba. Soron Ɗinki kuwa na daina bi. In hanya ta kai ni can sai in zagaya.

A daminar shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, wani kaset ya shigo unguwarmu. Wasa ne da aka kwafo daga talabijin ɗin Nijar, da Hausa, mutane suna ce masa Mai Riga. Labarin wani likita ne da ke zaune shi kaɗai a wani tsohon gidan bene a kan dutse. Ya ƙera wata na'ura, in aka sa mata tufar mamaci sai ta karanta gumin da ke jiki ta fito da mutum ya cika tufar. Mutumin yana tafiya irin ta mamacin, yana tari irin nasa, amma ba shi da fuska, sai farin ƙyalle naɗe da kai. Yana yawo cikin gidan, duk wanda ya gamu da shi sai ya riƙe masa hannu ya ce, "Rigar wa na sa?" Yara a lungunmu har sun daina yarda a aike su ɗauko wanki daga igiya.

Inna ta je kallo gidan maƙwabta tare da mata. Ta dawo ta zauna a kan tabarma ba ta ko cire mayafi ba. Na gaishe ta, sai ta ce, "Na ga rigar babanku tana yawo."

Na aro kaset ɗin na sa aka tsayar mini da hoton daidai inda dodon ya juyo. Ga koren zaren nan a gefen aljihu. A makon nan kuma na ji a masallaci ana cewa a sa Malam Ilu a addu'a, jiki ya yi nauyi, ido ma ya tafi. Na lissafa na ga in ya rasu rigar tana can, ba ni da wanda zan miƙa wa wasiyyar har abada. A ƙarshen kaset an rubuta Damagaram. Na rufe rumfa na ce wa Inna zan je nemo zare.

Daga tashar Ƙofar Ruwa muka tashi da hantsi a cikin doguwar fijo, mu tara ban da direba. Na sauko sau biyu in duba ko an ɗaure jakata da kyau. A karo na uku wani dattijo mai jar hula da ke kusa da ni ya riƙe mini riga.

"Zauna, Bakano. Jakar da ba ta kai kaza nauyi ba, wa zai sace?"

Sunansa Alhaji Ari, Badamagare ne mai fataucin kanwa. Ka san tsakaninmu da su akwai wasa tun na kakanni, to shi kam bai huta ba daga Kazaure har Daura. Ya ce Kanawa ba su san yaƙi ba sai ciniki. Ya ce in Bakano ya faɗa rijiya, kafin a ciro shi ya sayar da gugan. Da na gaya masa abin da ya fito da ni, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Ka ji! Ko rigar ubanku in ta ga sarari sai ta gudo Damagaram."

A motar ana ta gardamar sabuwar gwamnati. Wani malamin makaranta yana murna wai an huta da kaki. Alhaji Ari ya ce, "Ni abin da nake so in sani, mutum aka canja ko riga?" Aka yi caa a kansa. Ni kuwa duk wanda ya ambaci riga sai in ga kamar da ni yake.

A Kwangwalam ne iyaka. Gefenmu muka wuce ba matsala. A gefen Nijar wani jandarma ya ce kowa ya kawo takarda. Ni saboda tsoron kada a ce wani abu babu, na zo da duk takardar da na mallaka a cikin leda: katin zaɓe, takardar gama firamare, katin allurar rigakafi, takardar ɗaurin aurena, har da hoton Baba. Na zube masa su a kan tebur. Ya dube su, ya dube ni.

"Aiki ka zo nema?"

"A'a, ranka ya daɗe. Riga na zo nema."

Alhaji Ari ya taka mini ƙafa, wato in ce ziyara in wuce. Amma an tambaye ni, kuma ban iya amsa rabi ba tun da rabin amsa ne ya jefa ni cikin wannan hali. Na fara daga rashin lafiyar Baba. Direba yana ta danna oda a waje. Da na iso kan koren zare sai jandarman ya miƙe tsaye.

"Tsaya. Rigar Mai Riga kake nufi? Ta tele?"

Ya ƙwala wa abokansa kira, su uku suka kewaye ni suna kallon hoton Baba, wanda yake sanye da rigar. Ɗaya ya ja da baya yana a'uziyya. Ashe duk ranar da ake nuna wasan ba mai tsallake iyakar nan sai an gama. Suka buga mini hatimi, suka ce in na dawo lallai in gaya musu yadda zai ƙare.

Daga nan hanya ta miƙe, motoci suka yi ƙaranci. A Matamaye muka tsaya sallar azahar, a nan na fara ganin burodinsu, dogo siriri kamar sandar makiyayi, mutum ya saya ya saƙale a hammata ba leda ba takarda. Na saya, amma sai da na goge shi da hankici. Alhaji Ari ya ba ni cuku, wato busasshen nono mai faɗi kamar tafin hannu. Na gartsa masa haƙori na ji kamar na ciji faranti. Ashe a shayi ake tsoma shi. Shayin kuwa ba irin namu na kofi cike da madara ba ne. Ɗan mitsitsi ne a ƙaramin gilashi, kuma zagaye uku ake yi. Na sha na farko na miƙe ina godiya, mai shayin ya ɓata rai kamar na zage shi. Alhaji Ari ya ce, "Yi masa haƙuri, daga Ingilishi ya fito." Haka tsofaffinsu suke kiran ƙasarmu, kamar yadda namu suke ce wa tasu Faransa.

Mun shiga Damagaram da la'asar sakaliya. Abin da ya fara ba ni mamaki duwatsu ne, manya mulmulallu a tsakiyar gari, gidaje sun raɓe a jikinsu kamar 'ya'yan kaza. Sauran kuwa, lungunan Birni da zanen da ke goshin zaure, sai ka ce wani ya ɗauko unguwarmu ya ajiye a nan ya rage mata hayaniya. Alhaji Ari ya ce ba zai bar Bakano ya kwana a tasha ba, kada a ce Damagarawa ba sa kula da bayinsu. Ya sauke ni a zaurensa. Tuwon gero aka kawo da miyar kuka, wannan kam ba bambanci. Inda na sha wuya ruwa ne. Garin suna tattalinsa ƙwarai. Aka ba ni buta ɗaya, ni kuwa mutum ne da in na wanke hannu sai in yi shakka ko sau biyu ne ko uku in sake. Kafin in kai ƙafa buta ta ƙare. Na ji kunyar neman ƙari, na tsaya da busasshiyar ƙafa ina tunanin hukuncin abin, har mai gidan ya leƙo ya ce, "Alwala kake ko wankin mota?"

Washegari ya raka ni. Ba mu sha wahalar nema ba, kowa ya san inda ake yin Mai Riga. Gidan yana bayan gari a kan dutse, Turawan Faransa ne suka gina wa wani babbansu suka tafi suka bar shi. A kaset na gan shi cikin duhu da walƙiya, sai na same shi da rana tsaka awaki suna kiwo a gindinsa. Duk da haka da muka shiga sai da na yi a'uziyya. Rufin yana da nisa, matakalar katako ce tana kuka in an taka, jemagu sun yi baƙi a sama. An toshe tagogi da baƙaƙen barguna. Ashe duk daren da muke gani a wasan ƙarfe sha ɗaya na safe ne. Hazon da ke bin ƙasa kuwa hayaƙin kashin shanu ne a kasko, wani yana fifita shi da faifai.

Na ga na'urar likitan. Tsohon firiji ne aka cire masa ƙofa, aka liƙa masa fitilun babur da ƙafar keke da tiyo na ban ruwa. Na zagaya ta sau biyu. Na san ba komai ba ce, amma ban yarda gefen rigata ya taɓa ta ba.

Mai shirya wasan sunansa Lawali, siririn mutum mai tabarau, wai ya koyo aikin kyamara a Turai. Ƙanwarsa Hadiza ita ke riƙe da akwatin tufafi. Ta buɗe, ga ta nan a sama a ninke. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na nuna musu hoton Baba, na nuna koren zaren. Hadiza ta ce a kasuwa ta tsince ta cikin tulin tsofaffin riguna.

"Na ɗaga wajen talatin," in ji ta. "Duk sauran tufa ne kawai. Wannan da na ɗaga sai na ga kamar da mutum a ciki. Kafaɗar ta riga ta koyi mai ita."

Lawali ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Malam, taka ce, ba gardama. Amma saura fitowa ɗaya, ta ƙarshe. Duk ƙasar nan sun san rigar nan. In na canja ta, wasan ya mutu."

"To a yi yau mana."

"Wanda ke sa ta direban babbar mota ne. Ya tafi Agadas, sai nan da sati biyu."

Na ce akwai tsoho kwance a Kano, ban san ko yana da sati biyu ba. Hadiza ce ta ce in miƙe tsaye. Ta auna rigar a bayana daga kafaɗa zuwa ƙasa, ta dubi wanta.

"Fuska a rufe take, murya kuma daga baya ake sa wa. Wa zai sani? Ta ma fi zama a jikinsa."

Na ce a'uzubillahi. Na ce ni ban taɓa wasa ba ko na tashe. Na ce kuma kafin komai ina so in san wannan abin mene ne, fatalwa ce?

"Ba fatalwa ba ce," in ji Lawali. "Fatalwa ta san ko ita wace ce, shi ya sa take komawa gidansu. Wannan bai sani ba. Yana da tafiyar wani, da tarin wani, yana jin ƙaunar mutanen da bai san sunansu ba. Mutane suna tsoronsa, amma shi ya fi su jin tsoro."

Abin ya tsaya mini a rai, tambayoyi suka yi ta zuwa. Na ce to salla ta hau kansa? In ta hau, daga ranar da ya fito daga firiji za a fara lissafi ko daga balagar mamacin? Matar mamacin za ta yi masa lulluɓi? In ya yi laifi ranar lahira wa za a tambaya, shi ko likita ko mai rigar? Alhaji Ari ya kama kai ya ce, "Kun janyo wa kanku." Amma Lawali bai yi dariya ba. Ya zaro biro yana rubutawa a bayan takardarsa, yana cewa, "Ƙara, Malam, ƙara. Ina kake tun farkon wasan nan?"

Ban amsa musu ba sai da na sa Alhaji Ari ya kai ni wurin wani malami a unguwarsu. Na tambaye shi ko ya halatta in sa rigar da aka yi wa wani wasiyya da ita. Ya ce in sa wa ita ce hanyar da za ta fi saurin isa ga mai ita, to ɗauka ce, a ka ko a jiki. Na ce fitowa a siffar dodo fa? Ya ce, "Za ka ce wa mutane gaskiya ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To tashi ka je." Na fita na dawo da wata tambayar, ya ce ya shiga wuridi.

Da safe aka yi. Hadiza ta zura mini rigar. Na yi zaton zan ji ƙanshin turaren Baba, sai na ji gumin direba da warin jemage. Ta naɗe mini kai da farin ƙyalle, ina ganin abubuwa dishi-dishi. Aikin ba shi da yawa. A ƙarshen labarin dodon ya gaji da tambaya, ya yanke shawarar ya fita daga gidan. Zan sauko daga bene, in bi dogon soro, in buɗe ƙofa in fita cikin haske. Shi ke nan.

Karo na farko na yi sallama da na shigo, aka tsayar. Karo na biyu hayaƙi ya shaƙe ni. Karo na uku na tattare rigar sama don kada matakala ta kama ta, Lawali ya yi ihu wai dodo ba ya tsoron yagewar riga. Na ce wannan dodon yana tsoro. A karo na huɗu na sauko lafiya, na bi soron, na kai bakin ƙofa na fita. Ban ji an ce a tsaya ba. Da na dawo na tarar kowa yana kallona.

"Wa ya ce ka yi wannan?" in ji Lawali.

Na ce, "Me na ɓata?"

Ya ja ni gaban wata 'yar talabijin ya mayar da hoton baya. Na ga riga tana saukowa daga bene, kafaɗar hagu ta ɗan karkace. Ta zo bakin ƙofa ta tsaya. Hannu ya fito ya dafa aljihu sau biyu. Kan ya waiwaya ya dubi cikin gidan, kamar mai tunanin ko ya bar wani abu a kan wuta. Ƙafa ta ɗaga ta fasa, sannan ta fita.

Baba ne. Haka yake fita daga gida kullum, har muna yara muna kwaikwayonsa a bayan idonsa muna dariya. Ni ban san na yi ba. Ban san ina yi ba. Na tsaya ina kallon mutumin nan marar fuska, na rasa ko ubana nake gani ko kaina, ƙyallen da ke fuskata ya jiƙe. Lawali yana ta murna yana cewa wannan waiwayen ya fi duk abin da ya rubuta. Hadiza ce ta lura, ta kwance mini ƙyallen, ta ninke rigar ta sa mini a hannu.

Alhaji Ari ya ce in bari a wanke ta, warin ya yi yawa, akwai masu bugu a bayan gidansa. Na ce ko sarkin masu bugu ne ba zai taɓa ta ba. Ya raka ni tasha ya cusa mini cuku a aljihu, ya ce in gaishe da sauran bayinsa na Kano. A kan cinyata rigar ta yi tafiyar nan. A iyaka jandarmomin suka taso suna tambayar ƙarshen wasa. Na ce Lawali ya roƙe ni kada in faɗa, amana ce. Suka yi roƙo, suka yi barazanar wasa, na ƙi. Sai suka ce to a bar su su taɓa rigar. Biyu suka taɓa, na ukun ya ce shi daga nesa ma ya isa.

Daga tasha ban biya gida ba, Soron Ɗinki na nufa. Tun daga bakin lungu nake duba ko akwai tabarmin makoki a ƙofar gida. Babu. Na sami Malam Ilu kwance a ɗakin zaure, ya rame har na kusa kasa gane shi.

"Wane ne?"

"Ɗanlami ne, Baba. Na Malam Hamza."

"Ɗanlami. Ashe kana gari."

Na ɗora masa rigar a kan ƙirji na ce, "Saƙo ne daga Baba. Ya ce hannu da hannu. Ni na makara da shi." Na faɗa masa komai, har kwance shaidar. Yatsunsa suna bin ɗinkin, suka hau aska ta fari suka sauko, suka hau ta biyu, suka gangara gefen aljihu suka tsaya a kan ƙunar.

"Wata huɗu na yi a kanta," ya ce. "Ya sha gaya mini in ya riga ni, tawa ce." Ya sake shafa ƙunar. "Da aka yi arba'in ban ga komai ba, sai na ce to, ciwo ne, mutum yakan manta. Ina yi masa addu'a kullum. Amma ka san zuciya. Wani lokaci sai ta ce, Ilu, ashe ba ka kai yadda kake zato ba."

Na ce, "Bai manta ba. Kwana biyu kafin ya cika ya faɗa."

Ya rufe fuskarsa da rigar, kafaɗunsa suna rawa. Can sai ya janye ta yana yamutsa hanci. "Wannan wari fa? A kabari ka tono ta?"

"Jemagu ne, Baba. Sai da ta yi aikin talabijin."

Ya sa na ba shi labarin tun daga farko, yana dariya yana tari. Ya sa ta ranar Juma'a biyu, a zaune a ƙofar gida, kafin Allah ya karɓi abinsa.

Inna kuwa a ranar na durƙusa na gaya mata gaskiyar riga. Ta ce, "Na sani. Salla shida ta wuce ba wanda ya ga Ilu da ita. Jira nake in ga ranar da za ka faɗa." Abu ɗaya na ɓoye, ban ce na sa ta ba, don ba ta tambaya ba. Na san wannan ma rabin amsa ce.

Bayan wata ɗaya kaset na ƙarshe ya iso. Aka taru a tsakar gidan maƙwabta, ni ina can baya kusa da randa. Riga ta sauko daga bene, ta bi soro, ta tsaya a bakin ƙofa. Hannu ya dafa aljihu sau biyu. Mata suna salati, yara sun ɓuya a bayan iyayensu. Inna ba ta ɗauke ido daga talabijin ɗin ba, ko waiwayowa ba ta yi ba, sai ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Fita mana, Ɗanlami. Ba abin da ka manta."